Rukunin Masu Lafiya

Da mijina ya ɗaura robar a damtsen mahaifiyarsa, sai ta juya fuskarta ga bango kamar mai neman wani abu a jikin yaɓen. Ni ina tsugune gefe riƙe da auduga da kwalaben gwaji. Shekarar Mudathir talatin da huɗu a duniya, kuma in ban yi kuskure ba, tun da aka yaye shi bai sake taɓa fatar jikinta ba sai a wannan safiyar.

Shi ne ɗanta na fari. Mutanensu Fulani ne da suka daɗe da jingine sanda suka kama fartanya a Miri. Shanun sun ƙare, amma kunyar tana nan daram. Dada, haka kowa ke kiranta, ba ta ambaton sunansa, ba ta zama inda yake zaune, ba ta taɓa roƙonsa ko da gishirin miya ba. A hannun kakarsa ya tashi. In tana son ta san ko ya ci abinci, ni take tambaya, ta ce, "Ikilima, mai gidan naki ya sa wani abu a bakinsa kuwa?" Alhali yana tsaye a bakin ƙofa yana jinta.

"A ce mata ta dunƙule hannu," in ji shi, idonsa a kaina.

"Dada, wai ki dunƙule hannu."

Ta dunƙule. Jinin ya hau sirinji a hankali. Na karɓa na juye a kwalba, na rubuta lamba talatin da ɗaya a jikinta, na jera ta cikin kular ƙanƙara tare da 'yan uwanta.

Digiri na biyu yake yi a lokacin, kuma bincikensa a kan jinin masu ciwon suga ne. Ana buƙatar mutum sittin masu ciwon, da wasu sittin masu lafiya da za a gwada su da su. Masu ciwon ba su ba shi wahala ba, kowace Talata suna nan jere a bencin asibiti. Masu lafiyar ne suka gagara. A takarda an rubuta cewa daga cikin ma'aikatan asibiti za a ɗebe su, kowa ya karanta ya sa hannu. To ma'aikacin asibiti ya san darajar jininsa. Wata biyu Mudathir yana bin su ofis-ofis, bai samu ko mutum goma ba. Da lokaci ya fara ƙure masa, sai ya tuna yana da dangi.

Aka aika Miri cewa za a zo gwajin jini kyauta, kowa zai ji sakamakonsa, amma kada wanda ya ci ko ya sha komai tun daga dare. Da muka iso, maza sun cika zaure, mata sun cika tsakar gida, kowa ya naɗe hannun riga yana jiran ɗan gida da ya yi karatu.

Ƙanin mahaifinsa, Baffa Babayo, mutum ne mai ban dariya da yawan tambaya. Shi ne lamba arba'in da huɗu. Ana zare masa allura ya ce, "Wai ni Mudathir, me kake nema a jinin tsofaffi? Zinariya?"

Aka kwashe da dariya. Mudathir ya gyara zaman tabaransa, ya shiga bayani da muryar nan tasa ta gaban allo, wadda a lokacin nake jin kamar in bi shi da tafi.

"Baffa, jikin mutum ma yana tsatsa, kamar garmar da aka bari a waje da damina. To akwai wasu sinadarai a jini da aikinsu ke nan, goge tsatsar. Su kuma ba sa iya aiki sai da wasu 'yan ma'adanai, zinki da seleniyom da tagulla, ɗan mitsitsi ne, ko ido ba ya gani. Ina so in nuna cewa masu ciwon suga nasu sun yi ƙasa, shi ya sa jikinsu ke saurin lalacewa. Ido ya tafi, ƙafa ta mutu, ƙoda ta tsaya."

"Allah ya kiyaye," in ji Baffa. "To mu a wane layi muke?"

"Ku ne rukunin masu lafiya. Da ku za a auna su."

Baffa ya waiga ya dubi jama'a yana shafa gemu. "Kun ji ko? Da mu ake auna mutanen birni."

Bayan an gama, na kai wa Dada kunun da na zo da shi a filas. Ba ta kalle shi ba. Randa ta nufa, ta shanye moɗa uku a tsaye, ruwan yana bin haɓarta. Sai da ta sauke numfashi ta ce, "Tun magaribar jiya ko ruwa ban kurɓa ba. Na ce kar in ɓata wa mutane aiki."

* * *

Mako biyu bayan haka, da la'asar, Obadiya ya zo gidanmu a Gwallameji kan tsohon babur ɗinsa. Shi ne ma'aikacin ɗakin gwaji da ke auna wa Mudathir jinin, dattijo mai furfura da ƙarancin magana. Bai yarda ya zauna ba. Ina falo gaban kwamfuta, don ni ce mai buga wa mijina duk takardunsa, saboda haka komai a kunnena aka yi.

"Oga, waɗannan mutanen naka ba duka ne masu lafiya ba," in ji Obadiya. Ya shimfiɗa takarda a kan tebur, ya bi ta da yatsa. "Mutum goma sha ɗaya, sugansu ya hau. Amma duba wannan, talatin da ɗaya. Sha bakwai da ɗigo huɗu, kuma da safe, bai ci komai ba. Mai lafiya ba ya wuce shida. Zinki ƙasa, seleniyom ƙasa, masu goge tsatsan nan naka duk sun kwanta. Ko cikin marasa lafiyanka ba wanda ya kai shi. Duk abin da kake so ka nuna a littafinka yana cikin kwalba ɗayan nan. Wane ne?"

Yatsuna suka tsaya a kan madannai. Ni na rubuta lambar da hannuna.

"Wata tsohuwa ce," in ji Mudathir. "Wataƙila ta sha shayi kafin mu je."

"Shayi ba ya cinye zinki, Oga. Ka ba su takarda su zo asibiti ranar Talata. Haka doka ta ce."

Nan gizo ke saƙar. Mai kula da masu ciwon suga ranar Talata shi ne Farfesa Mijinyawa, malamin da ke duba binciken Mudathir. In manoma goma sha ɗaya daga Miri suka shigo masa riƙe da takardar Mudathir, dukansu dangin juna, ko makaho zai gane cewa ba ma'aikatan asibiti aka ɗebi jininsu ba, kuma sa hannun da ke cikin fayil ɗin duk hannu ɗaya ne ya yi shi. Obadiya ya san haka. Ya daɗe yana kallon mijina, sannan ya ɗauki hularsa.

"Ni na auna, na rubuta abin da na gani. Sauran tsakaninka da Allah."

Da ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa, Mudathir ya jawo kujera kusa da ni ya ce in buɗe jadawalin.

"Abban Khairat, Dada ce fa."

"Na sani."

"Ba ta sha shayi ba. Ni na kai mata kunu bayan an gama."

"Na ce na sani, Ikilima." Ya cire tabarau ya murza idanu. "Wata uku ne kawai. Ina kare kundin binciken nan a gaban malamai, ni da kaina zan ɗauke ta in kai ta wani asibitin inda ba a san ni ba. Suga ba ya kashe mutum a wata uku. In na faɗa wa ɗaya yanzu, gobe duk Miri na ƙofar Farfesa. Shekara uku na wahala. Kin fi kowa sanin aikin koyarwar nan takardar kawai yake jira."

Na fi kowa sani kuwa. Ba zan ɓoye ba, na riga na gama ɗinka wa kaina rigar matar malamin jami'a a zuci, har na san wa da wa zan fara gaya wa. Mutum yana iya cewa an tilasta shi, amma ni ba wanda ya riƙe mini hannu. Na goge sha bakwai na sa biyar. Ya karanto mini zinkin da ya dace da mai lafiya, na sa. Ya karanto seleniyom, na sa. Muka wuce na gaba. Kafin a kira magariba na warkar da mutum goma sha ɗaya da yatsu biyu, na tashi na ɗora tuwo.

* * *

Da damina ta yi nisa na je Miri gaisuwa, ni da 'yata Khairat. Dawa ta rufe hanya, ko'ina kore shar, amma Dada ta bushe. Zanen da take ɗaurawa sau ɗaya yanzu sai ya zagaye ta har ya yi saura. Muna zaune a rumfa tana tsince wake, ta tashi zuwa banɗaki sau uku kafin in gama shan furar da ta dama mini. Da na shiga bayanta, na ga tururuwa sun yi layi sun yi baƙi a inda ta tsuguna. Na san abin da hakan ke nufi, don da hannuna na buga shi a babi na biyu.

Da na dawo, sai ta sa Khairat ta je ta kora kaji, ta matso kusa da ni, ta rage murya duk da ba kowa a gidan.

"Ikilima, mai gidan naki bai ce komai ba kan jinin nan?"

Ta yi watanni tana riƙe da tambayar. Ya zo Miri sau biyu a tsakani, ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ta amsa tana kallon wani wajen, ya tashi ya tafi. Ba za ta iya buɗe baki ta tambayi ɗan fari labarin jikinta ba. Ni kaɗai ce ƙofar da take da ita zuwa gare shi.

Na dubi waken da ke cikin faifai. "Lafiya lau ne, Dada. Ba a ga komai ba."

"Alhamdulillahi," ta ce, ta saki ajiyar zuciya. "Dama na ce tsufa ne. Ƙafafun nan ne kawai, sai in ji kamar ba nawa ba, kamar na sa safa. Ga ƙishirwa."

"Zafi ne, Dada."

Ana ruwan sama kullum, ni kuwa na ce mata zafi ne, ta kuma gyaɗa kai. Sai ma ta ba ni labari tana murmushi, wai kwanaki wasu ma'aikatan lafiya sun zo makarantar firamare suna soka wa mutane allura a yatsa don gwajin suga. Ta ce wa matar da ta zo kiranta su je su nemi waɗanda ba su da kowa. "Na ce mu an riga an auna mu, da babban inji ma, ba wannan na yatsa ba. Duk gidan nan ba wanda ya je."

A keke mai ƙafa uku, kan hanyar komawa, na yi kuka har Khairat ta tambaye ni ko cikina ke ciwo. Na yi niyyar ina isa gida zan tayar da ƙura. Da na isa na same shi ya baje takardu yana gyaran babi na huɗu, ya ɗago da fara'a ya ce Farfesa ya yaba da sakamakon, wai bambancin da ke tsakanin rukunin biyu ya fito fes. Na ce masa Dada ta rame. Ya ce saura kaɗan. Na shiga ɗaki na cire mayafi, maganar ta mutu a nan.

* * *

Wata ukun nan sai da ya zama tara. Aka shiga yajin aiki, aka fito, aka ɗage rana, aka sake ɗagewa. Da ya kare kundin, ya ce a bari a sa hannu a takardar shaida. Da aka sa hannu, ya ce a bari takardar kama aiki ta fito. Kullum akwai wata 'yar takarda da ta fi ƙafar Dada gaggawa.

Bayan an kai amfanin gona gida muka yi walima. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka yanka rago, abokansa suka zo da manyan riguna suna kiransa Malam. Mutanen Miri suka cika mota guda. Dada ta sauko a ƙarshe, tana dogara kafaɗar Hafiza, ƙanwar Mudathir, ƙafarta ta dama naɗe da tsumma. Ba ta shiga rumfa ba, ta zagaya ta baya ta shige ɗakin Khairat ta zauna a ƙasa.

"Kututturen kara ta taka a gona," in ji Hafiza, da na tambaya. "Ba ta ma ji ba. Sai da ta dawo gida muka ga jini a takalminta. Yau kwana ashirin ke nan, ana ta sa magani ya ƙi kamewa."

Na tsuguna zan gaishe ta, warin ya doke ni. Wari ne mai zaƙi-zaƙi, irin na naman da ya kwana a leda. Dada ta ja zane ta rufe ƙafar, ta ce, "Ba ya zafi ko kaɗan. Kar ki faɗa wa kowa, yau ranar farin ciki ce."

Sai ga Mudathir ya aiko da kwafin kundin, mai kauri, bango kore da rubutun ruwan zinariya, wai a ba ta nata. Hafiza ta buɗe shafin farko ta fassara mata abin da ya rubuta da Turanci: "Ga mahaifiyata, wadda ba ta taɓa roƙona komai ba." Dada ta sunkuyar da kai, ta rufe fuska da gefen mayafi. Ta shafa bangon da tafin hannu sau biyu, ta ɗora shi a cinya.

Na same shi a kicin yana ɗibar lemo. Na rufe ƙofa.

"Ƙafarta tana ruɓewa. Yau za ka kai ta."

"Da baƙi a gida? Gobe."

"Goben nan ta ishe ni, Abban Khairat. Ka je ka durƙusa ka faɗa mata gaskiya, ko ni in faɗa."

Ya ajiye kwalbar a hankali. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, babu fushi a cikinta, babu komai.

"Ki faɗa. Ki fara da wanda ya buga lambar. Ki faɗa mata kuma wa ya kalle ta ya ce lafiya lau ne. Ni ban taɓa yi mata ƙarya ba, Ikilima. Ba ta tambaye ni ba."

"Ka san ba za ta taɓa tambayarka ba."

"To," ya ce, ya ɗauki lemonsa ya fita.

Wannan "to" ɗin ne ya fi komai tsorata ni. Na gane tun ranar farko ya san uwarsa ba za ta iya duban idonsa ta nemi bayani ba, kuma a kan wannan kunyar tata ya ɗora komai. Na tsane shi a wannan lokacin, na kuma tsani kaina fiye da shi, don duk abin da ya faɗa a kaina gaskiya ne.

* * *

Ba a kai ta washegari ba. Ita ce ta ƙi, ta ce ba za ta kwana gidan ɗa ba, aka mayar da ita Miri. Sai bayan kwana shida Hafiza ta bugo waya da hantsi, ta ce zazzaɓi ya rufe Dada, yatsun ƙafar sun yi baƙi. Asibitin da yake gudu ɗin nan dai, can aka kai ta, don shi ne mai likitocin da za su iya.

Likitar wata matashiya ce, Dakta Sa'adiyya. Da ta kwance tsumman, ta ɗan rufe ido, sannan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ni da Hafiza da Mudathir da ke tsaye can bakin ƙofa.

"Wannan ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinta. Da an kama shi ko da bara ne, da ƙwaya da kula da abinci sun riƙe ta. Ku 'yan boko ne, ga ku nan fes. Ba wanda ya taɓa tunanin a auna ta?"

Dada ce ta yi magana daga kan gado, muryarta a dishe, amma da ɗan alfahari a ciki.

"An auna ni, 'yata. Da babban inji. Ba a ga komai ba."

"Wa ya auna ki, Mama? A ina?"

Ko da Dada tana so ta amsa, ba sunan da za ta iya kamawa ba ne. Na juya na kalli mijina, na ce a raina ga dama ta ƙarshe Allah ya ba shi.

Ya gyara tabarau. "Wasu masu bincike ne suka je ƙauyen," ya ce. "Kin san irinsu, Dakta. Su ɗebi jinin mutane su tafi, ba a sake jin ɗuriyarsu."

Hafiza ta buɗe baki tana kallonsa. Kafin ta ce wani abu, Dada ta ɗaga hannu kaɗan daga kan zanen gado.

"Haka ne," ta ce. "Baƙi ne. Ba mu san su ba."

Ta juya fuskarta ga bango, daidai yadda ta yi ranar da ya ɗaura mata roba. Daga inda nake ina ganin hawaye yana gangara mata zuwa cikin kunne.

Da azahar na je ɗakin gwaji karɓo sakamakonta. Obadiya ne a tagar. Ya duba takardar, ya duba sunan garin da aka rubuta, ya ɗago ya dube ni.

"Maman Oga ne?"

Na gyaɗa kai.

"Madam, na taɓa ganin wannan jini," ya ce. Ya miƙo mini takardar, ya kira na bayana.

Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Mudathir ne ya sa hannu a takardar amincewa. A ranar Litinin ɗin da ta biyo baya ya shiga aji karo na farko, da sabuwar rigar da ni na goge masa.

* * *

Sai da ta yi wata guda da komawa Miri na iya tattara ƙarfin halin zuwa. Shi ya kawo ni a motar da ya saya, amma ya tsaya a bakin titi, wai yana da waya da zai amsa.

Na same ta a rumfa kan tabarma, ta jingina da bango, idanunta sun yi hazo-hazo. An ce mata ta riƙa ɗaga dungulmin don kada ya kumbura. Filo yana nutsewa, in ji Hafiza, sai suka nemo abu mai tauri. Kundin ne a ƙarƙashinsa. Ruwan ciwon ya ratsa bandejin ya yi taswira a koren bangon, ya cinye rabin rubutun zinariyar.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da sakin fuska, ta tambayi Khairat, ta tambayi ko mai gidana yana samun cin abinci a kan lokaci da wannan sabon aikin. Na ce yana ci. Na buɗe baki zan faɗi abin da na kwana biyu ina haddacewa, sai ta riga ni.

"Ranar da na tambaye ki, wake kika kalla, ba ni ba."

Na ce, "Dada..."

"Bar shi. Ƙafa ta riga ta tafi, ba ta dawowa. In maganar ta fita, aikinsa ne zai tafi, ni kuma me na samu? Na hana Hafiza, ke ma na hana ki." Ta gyara zaman dungulmin a kan littafin da hannu biyu. "Abu ɗaya dai. Ki ce wa mai gidan naki Babayo ma ya fara yawan shan ruwa. Ni ba zan iya faɗa masa ba."

Kamar wanda aka kira, sai ga sallamar Baffa Babayo. Ya shigo da fartanya a kafaɗa, rigarsa tana lilo a jikinsa, wuyansa duk jijiya. Ya zube a gindin randa yana haki, ya ce, "A'a, amaryarmu ce a gari? Taimaka mini da ruwa, 'yar albarka, maƙogwaron nan kamar an zuba masa toka."

Na ɗebo masa. Ya shanye a tashi ɗaya, ya goge baki da hannun riga, ya nuna Dada da haɓa.

"Kin ga ikon Allah ko? Tare aka auna mu, duk muka fita lafiya, sai ga shi daga baya ya kama ta. Ita Hafiza sai damuna take in je asibiti. Na ce in je in yi me? Ni da ɗana ya auna da hannunsa." Ya yi dariyar nan tasa. "Da mu fa ake auna mutanen birni."

Arba'in da huɗu. Sha uku da ɗigo biyu ne nasa, na tuna sarai, na mayar da shi biyar da ɗigo ɗaya. Na dubi Dada. Ta kafe ni da idanun nan da ba sa gani sosai, tana jira. Daga bakin titi aka danna hon sau biyu, gajeru, irin na mai sauri.

Baffa ya miƙo mini moɗar. "Ƙaro mini, 'yata."

Na karɓa na ƙaro masa.